Lahadi a Jidda: kaset uku kacal suka rage fanko

Yau ne farkon mako, kuma rumbun kaset ya tarbe mu da fanko uku kawai. Kwana biyun hutu, Juma'a da Asabar, aikin kwasa, wato tattara ragowar bayanai don kaset ya koma fanko, bai kammala ko kaset ɗaya ba.

Ga wanda bai san Spectrum Protect na IBM ba, manhajar ajiye kwafin bayanai da aka sake wa suna Storage Protect a 2023, wadda tsofaffin hannu har yanzu suke ce wa TSM: kaset daga gaba ake ci gaba da rubuta masa, ba a cike gurbin tsakiya. Fayil ya ƙare wa'adinsa, wurinsa ya zama kufai. Idan kufan ya kai kashi 60 cikin 100, sabar takan kwashe ragowar masu rai zuwa wani kaset, ta mayar da tsohon fanko.

Yaron da muke aiki tare, haifaffen Makka, ya ce, "Yaya, mu sauke adadin zuwa 40 mana, ya fi saurin sakin kaset." Na ce a'a. Ƙasa da 50, ragowar kaset biyu ba lallai ta shiga ɗaya ba, sai injinan karanta kaset su kwana suna juya bayanai, riba kaɗan. Kuma matsalar ba a adadin take ba, domin umarnin duba kaset, QUERY VOLUME, ya nuna kaset goma sha ɗaya da kufansu ya haura 70, suna jira.

Share fayilolin da wa'adinsu ya cika, wato EXPIRE INVENTORY, ya gudana lafiya. Wannan nake fara dubawa kullum, don in bai gudana ba kufan ma ba zai bayyana ba.

Sai injina. Kwasa na bukatar biyu a lokaci guda, ɗaya na karantawa, ɗaya na rubutawa. Muna da injina uku samfurin LTO-8. QUERY DRIVE ya ce duka suna aiki, amma QUERY PATH ya nuna hanyar da ta haɗa sabar da inji na uku a rufe tun daren Alhamis. Mutane da yawa a QUERY DRIVE suke tsayawa, nan ake yaudaruwa. Biyun da suka rage kuwa, ajiyar dare ta riƙe ɗaya, kuma kwasa ita ce 'yar bora wajen rabon inji, kowa ya zo sai ta matsa. Shi inji na uku wanki yake nema, kaset ɗin wankin kuma ya cinye amfaninsa 50. Muka sa sabo, muka buɗe hanyar, aiki ya tashi kafin azahar.

Bayan la'asar kaset ɗaya ya tsaya da kuskuren karatu. AUDIT VOLUME da FIX=NO muka yi, wato a bincika kaset ɗin ba tare da an goge komai ba. Kada a yi gaggawar FIX=YES: fayil ɗin da ba shi da kwafi a wani rukuni, share sunansa za a yi daga kundin sabar, ya tafi ke nan. Masu kyau muka kwashe da MOVE DATA. Na lalatattun, RESTORE VOLUME da PREVIEW=YES ya lissafa kaset biyu da za a ɗauko daga ma'ajiyar waje. In sun iso gobe sai sun kwana a ɗakin sabar kafin su shiga inji, saboda laimar Jidda na sa raɓa a jikin abin da aka fitar daga sanyi zuwa zafi.

Da magariba kaset shida sun zama fanko, amma suna matsayin PENDING, wato ba za a sake rubuta musu ba tukuna. REUSEDELAY ɗinmu, wato tsawon wannan jiran, kwana 5 ne, kuma ban taɓa shi ba: in aka dawo da kundin sabar na shekaranjiya, zai nemi fayiloli a inda suke a lokacin. Fanko ukun da muka tarar za su kai mu Talata, na nemi a kawo sababbi goma.