Asabar, ni da kwamfutar gida

Yau dai kwamfutar gidan nan ce ta cinye min yini. Da safe ƙanena ya leƙo yace Yaya abun nan fa ya ƙi tashi, sai baƙin sikirin da rubutu wai No bootable device, kawai a yi mata fomat a huta. Shi komai fomat, sauti ya ɗauke fomat, mawus ya ƙi motsi fomat, alhali hotunan gidan nan kaf da takardun makarantarsa suna ciki.

Na kashe na kunna ina ta danna F2 har BIOS ya buɗe, wato shafin saitin da ke cikin madabod wanda ke tashi kafin Windows, wasu kwamfutocin Del suke so, wasu F10 ko Esc. Abu na farko da idona ya sauka kai agogo ne, kwanan wata ya koma can shekarun baya. Toh nan na gano bakin zaren, batirin CMOS ne ya mutu. Ɗan batir ne kamar kwabo, CR2032, bolt 3, yana maƙale a jikin madabod, shi ke riƙe agogo da saiti in an zare wuta, in ya mutu sai komai ya koma yadda kamfani ya saita. Ita kuma Windows ɗin da ke ciki tun asali a tsohon tsari aka ɗora ta, Legacy, faifan ajiyar ma a tsohon tsarin raba faifai yake, MBR, yanzu saitin ya koma sabon tsari, UEFI, zalla, shi ya sa take ta lalube ba ta ga komai ba. Na ciro irin batirin daga ma'aunin nauyi na saka mata, na gyara agogo, na kunna CSM, saitin da ke barin tsohon tsarin ya tashi, na danna F10 ya ajiye.

Ta fara tashi, tambarin Windows ya fito, har ƙanena ya fara murna sai ga shuɗin sikirin, INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Yace Yaya ba na faɗa ba? Nace kai dai tsaya. Na koma ciki, ashe saitin SATA, wato yadda madabod ke magana da faifan ajiya, shi ma ya sauya daga AHCI ya koma RAID, kuma Windows in an ɗora ta a kan ɗaya ba ta yarda ta tashi a ɗayan haka kawai. Ina mayar da shi ta hau lafiya lau, ko fayil ɗaya bai yi ciwon kai ba. Wlh abun na ba ni haushi yadda ake goge wa mutane ajiyar shekaru a kan matsalar da layi biyu ne a BIOS.

Amma tunda na riga na buɗe murfin, kuma akwai wani SSD, faifan ajiya mai sauri, da na cire daga tsohuwar laftof yana zaune a durowa, sai nace bari a yi ta ta ƙare, in ɗora sabuwar Windows a kansa. Na fara kwashe fayiloli tukuna. Windows 11 kam babu zancenta, tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na kwamfuta, da furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, tamu na 6 ne. Windows 10 kuma tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa mata yadda aka saba, raina ya fi kwanciya da Linux Mint, wani tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, amma manhajojin da yaron nan ke aiki da su na Windows ne, don haka na tsaya a kan Windows 10, na bar wa Mint fili a gefe sai wani lokaci.

Na haɗa filashi mai 8GB da Rufus, manhajar da ke zuba Windows a filashi don a ɗora ta, na zaɓi GPT, sabon tsarin raba faifai, na kashe CSM ɗin da na kunna ɗazu, sannan na zare wayar tsohon faifan gaba ɗaya, saboda in faifai biyu na jone Windows kan iya jefa fayilolin tashi a ɗayan, ranar da ka cire shi sai a dawo gidan jiya. Wajen zaɓen faifai ta tirje, wai SSD ɗin MBR ne ba za ta hau ba. Na danna Shift da F10 wurin rubuta umarni ya buɗe, na rubuta diskpart, list disk, select disk 0, na duba girman da kyau kafin na rubuta clean, mai goge faifan kaf, don wannan kalmar ba ta tambayarka ko ka tabbata, sai convert gpt. Daga nan ba ta ƙara gardama ba.

Da ta gama babu Wi-Fi, direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, bai zo ba, sai da na jona wayata da kebul na ba ta intanet ta sauko da shi da kanta. Lasisi ma ya dawo shi kaɗai tunda madabod ɗin bai canza ba. Yanzu kafin ka gyara zama ta tashi. Saura firinta, wannan kam sai gobe, bayana ya ƙage.