Ashe Newton sunan ƙauye ne

Jiya da daddare ina taya 'yata bitar darasin kimiyya, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, mene ne ma'anar Newton?" Na shekara ashirin ina jin sunan nan, amma ban taɓa tambayar kaina ba. Bayan ta kwanta na zauna na bincika, kuma abin da na gano ya tsaya mini a rai.

A tsohon Turanci kalmomi biyu ne aka haɗa: ɗaya na nufin sabo, ɗayar kuma, "tun", na nufin gona ko matsugunin da aka kewaye da shinge. Wato dai Sabon Gari. Shi ya sa ƙauyuka masu wannan suna suke barkatai a Ingila, don duk inda mutane suka yi kaka-gida a sabon wuri, sunan da ya fi sauƙi ke nan. Har Amurka akwai garin Newton kusa da Boston.

Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka mamaye Ingila a 1066 ne sunayen iyali suka fara kama ƙasa a Ingila. Wanda ya baro irin wannan ƙauye sai a riƙa kiransa da sunan garinsu, 'ya'ya da jikoki su gada. Kamar dai yadda muke cewa Shehu Shagari ko Aminu Kano, sai dai namu ba lallai ya bi zuri'a ba.

Shi Isaac Newton, shahararren masanin kimiyyar nan, a wani ƙauyen Ingila mai suna Woolsthorpe aka haife shi, amma yau ma'aunin ƙarfi a kimiyya sunansa yake ɗauke da shi. Da safe na faɗa wa 'yata, ta rubuta "Sabon Gari" a gefen littafinta.