Iskar ozon bayan dashen haƙori: yadda nake amfani da ita

Idan na dasa ƙusar ƙarfen titaniyam, wadda za a ɗora sabon haƙori a kanta, a ƙashin muƙamuƙi na ɗinke dasashi, kwana uku na farko su ne masu wuya ga majiyyaci, ga zogi ga kumburi. A wannan tsakanin nake shigo da ozon, wata iska da ake samu daga oksijin mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma a nama kaɗai nake sa ran ganin amfaninta. Haɗuwar ƙashi da ƙusa aikin wata 3 zuwa 6 ne, ban ɗora mata wannan nauyin ba.

Injin da ke haɗa ozon yana karɓar oksijin zalla daga silinda, ya bi da shi ta tartsatsin lantarki, sai ya fito gauraye, ozon ɗin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Bututun ya zama na silikon ko Teflon, domin ozon tana cin roba ta yau da kullum har ta tsattsage.

Na fi dogara da ruwan ozon. Tataccen ruwa mai sanyi nake sawa a kwalbar gilashi, in busa iskar a ciki har ya kai kimanin miligiram 2 zuwa 4 a kowace lita. Da shi nake wanke wurin kafin ɗinki da bayansa, a hankali, da sirinji mara tsini, don kada in kore gudan jinin da ke rufe ciwon. Ruwan ba ya ajiyuwa. Da ya yi ɗumi ozon ta fara komawa oksijin, a zafi irin namu kuwa abin ya fi sauri. Wanda aka haɗa da safe aka kai shi azahar ya zama ruwa kawai, saboda haka sai majiyyaci ya zauna a kujera ake haɗawa.

Iskar kanta ita ce mai haɗari. Daƙiƙa 30 zuwa 60 nake busa ta a layin ɗinki, bakin na'urar zuƙe yawu yana manne da wurin. In mai taimaka mini ya janye shi ko kaɗan, nan take za a ji wari mai kaifi kamar na bilic, majiyyaci ya hau tari, ido ya yi ja. Kuma ba a cusa ta da ƙarfi ƙarƙashin naman da aka ɗaga, iska na iya maƙalewa a ciki kunci ya kumbura.

A gida, man zaitun mai ozon: ɗan ɗigo a auduga, a shafa kan ɗinki sau biyu ko uku a yini har ranar cire zare, wato kwana 7 zuwa 10. A ajiye shi a firji.

Kafin komai ina tambayar juna biyu, ciwon da ƙwayar maƙoƙo (thyroid) ke aiki fiye da kima, ƙarancin jini mai tsanani, da ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), wanda ya yawaita a Najeriya. Mai ɗaya daga cikinsu ba na yi masa.

Abin da nake gani shi ne dasashi ya fi saurin lafawa, wasu kuma su rage shan ibuprofen. Amma binciken da ke goyon bayan haka na mutane kaɗan ne, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ma har yanzu tana kallon ozon a matsayin iska mai guba da ba a tabbatar da amfaninta a magani ba. Don haka ba na janye maganin zogi ko kurkurar baki da chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda ita. Ƙashin da ya ƙone wajen huda, wanda zafin digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya kashe, babu ozon da za ta farfaɗo da shi. Zogin da ke ƙaruwa bayan kwana huɗu, ko mugunya, ko leɓen ƙasa da ya ƙi farfaɗowa daga allurar kashe zafi, hoton ƙashi nake nema a ranar.