Pantheon a kan Debian: inda aiki ya tsaya

Ƴan uwa masu koyo, ga inda aka kwana a aikin ɗora Pantheon kan Debian 12, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Ga wanda bai biyo mu daga farko ba, Pantheon ita ce fuskar allon elementary OS, wani nau'in Linux da aka gina a kan Ubuntu. Ni Debian nake so a ƙasa, saboda ba ta yawan neman sabuntawa, kuma kun san yadda kuɗin intanet ke cin aljihu a nan Tawa. Amma ido ya riga ya ga kyan Pantheon.

Abin da aikin ya fara nuna mini shi ne fuskar allo ba manhaja guda ba ce. Granite ne a ƙasa, laburaren da sauran ke jingina da shi. Sai Gala mai kula da tagogi, sai Wingpanel, wato layin da ke saman allo mai nuna lokaci da batir, sai Switchboard na saituna. Yawancinsu da yaren Vala aka rubuta su, ana harhaɗa su da Meson da Ninja, kayan aikin da ke mayar da rubutun manhaja mai aiki. Jerin ma yana da muhimmanci: Wingpanel ba zai harhaɗu ba sai ya tarar da Gala a zaune. Granite bai ba ni wahala ba, da fakitin Debian na yi amfani, na wuce.

Gala ce ta riƙe ni. Ba ta zana tagogi da ƙarfin kanta, tana hawa kan Mutter ne, injin tagogin GNOME, wata fuskar allon Linux daban. Shi kuwa Mutter kusan duk fitowar GNOME sai ya canza lambar laburarensa da wasu ƙofofin da ake shiga ta cikinsu. GNOME 42 da ke cikin Ubuntu 22.04 yana da libmutter-10, shi elementary OS 7 ta samu. GNOME 46 na Ubuntu 24.04 yana da libmutter-14, a kansa elementary OS 8 ta fito a 2024. Debian 12 kuma, wadda ta fito a watan Yunin 2023, ta tsaya a GNOME 43, wato libmutter-11, lambar da babu wata fitowar elementary da aka gina kai tsaye a kanta. Kamar tayar wata mota ce a jikin wata: ramukan ƙusa sun kusa haɗuwa, amma sai an duba da kyau.

Dabarar da ta fisshe ni mai sauƙi ce. Kafin ku sauke komai, ku buɗe fayil ɗin meson.build na Gala ku karanta. A ciki an jera lambobin Mutter da wannan sigar ta sani. Idan taku ba ta ciki, ku koma sigar baya da ta san ta, sannan ku zaɓi Wingpanel na zamaninta. Wanda ya haɗa sabon Wingpanel da tsohuwar Gala zai kwana yana karanta jan rubutun kurakurai.

Sunayen fakiti ma suna ruɗa mai bin umarnin da aka rubuta don wani tsari. Abin da Debian ke ƙarewa da -dev, Fedora na ce masa -devel, Arch kuwa ba ta raba su ma, tana zuba komai a fakiti ɗaya.

Bayan harhaɗawa ta ƙare (da daddare nake yi, don da rana fankar kwamfutar na kuka kamar za ta tashi), na fita na sake shiga ta LightDM, allon da ake saka suna da kalmar sirri. Baƙin allo, sai kibiyar linzami kaɗai a tsakiya tana motsi. A irin wannan hali ku danna Ctrl da Alt da F3, ku shiga ta allon rubutu, ku kira journalctl, umarnin da ke nuna rahoton abin da ya faru a kwamfutar. Nawa ya ce ba a girka wani tsarin saituna ba. Manhajar da aka gina a kan laburaren GLib, kamar Gala, idan ta nemi tsarin saitunanta ta rasa, ba ta lallaɓawa, nan take take mutuwa. Gudanar da glib-compile-schemas a kan /usr/share/glib-2.0/schemas ya warware shi. Ku kuma gaya wa Meson --prefix=/usr tun farko, in ba haka ba zai kai kaya /usr/local.

Yanzu Gala na tashi, tagogi na buɗewa suna rufewa sumul, agogo da batir na sama. Sai dai kamannin bai yi ba tukuna: gumaka na GNOME ne, rubutun ba Inter ba ne. Waɗannan duk suna cikin wasu fakitoci daban na elementary, na gumaka da na launi da na saitunan asali. A ganina nan ne rabin kyan Pantheon yake, kuma nan ne masu ƙaura da ita suka fi yin sakaci.

Akwai kuma batun ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Linux na da tsarin madannai na Hausa, amma a kan QWERTY, jerin haruffan madannan Ingilishi, aka shimfiɗa shi, mu kuwa kwamfutocin da ke zuwa mana daga Yamai galibi AZERTY ne, jerin Faransanci. Sashen madannai na Switchboard nake harhaɗawa yanzu don in ga ko zai bar ni in sauya tsakanin biyun da maɓalli ɗaya. Daga nan sai naɗe komai cikin fakitin .deb, yadda mai so zai karɓa a kebul ɗin USB ba tare da ya ƙona megarsa ba.