Sai da na gwada fitila huɗu kafin kifina su samu barci

A gidanmu na Argungu, kifi abu ne da ake ɗorawa a sikeli. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi ya ga yadda ake fito da giwan ruwa, ƙarti biyu suna nishi a ƙarƙashinsa. To sai ga ni, jikan masunta, na zo Birnin Kebbi ina kiwon kifin da bai kai ɗan yatsa ba, a cikin akwatin gilashi, don kallo kawai. Na sha dariya a gida har na saba.

Akwatin ba wani babba ba ne. Tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, yana cin lita 54 idan an cika shi taf. Wani mai haɗa tagogin alminiyam ne ya yanka min gilashin ya manna. Kifin kuwa 'yan ƙananan nan ne masu wutsiya kala-kala da ake kira gupi, wani abokina ya zo min da su cikin leda daga Kaduna, tare da tsiro biyu na cikin ruwa. Daga baya Kawu ya ƙara min da ɗan ƙurungu guda, wai don a samu kifin gaske a ciki. Na tanadi abinci, na tanadi injin hura iska, na iya canjin ruwa. Fitila ce kaɗai ban taɓa zama na yi tunaninta ba. A ganina ƙwan fitila ai ƙwan fitila ne.

Na farko da na sa tsohon ƙwai ne mai jan haske, wat 60, wanda na tsinta a cikin durowa. Na huda murfin katako na rataya shi. Da daddare abin ya yi kyau, ruwan ya koma kamar zuma, yara suka kewaye suna ihu. Wannan a watan Maris ne, kuma duk ɗan Kebbi ya san abin da Maris da Afrilu suke nufi: rana ta wuce digiri 40, bango ya yi ta fitar da huci har tsakar dare. Kwana huɗu na tarar da kifin duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki. Na tsoma hannu, na ji ruwan kamar wanda aka sirka wa jariri. Kafin in kai ga sayo ma'aunin zafi biyu sun mutu. Da na auna, ruwan ya haura 34.

Abin kunyar shi ne na san amsar tun ina yaro. Irin wannan ƙwan ne masu kiwon kaji ke rataya wa 'yan tsaki don su ji ɗumi. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ɗan ragowar ne haske. Wato murhu na rataya wa kifi a cikin bazara. Su kuma gupi sun fi sakewa tsakanin digiri 24 zuwa 28, sannan duk lokacin da ruwa ya ƙara zafi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take yi. Hakin da na gani ke nan.

Ƙwan bai bar ni haka ba. Tururin ruwa yana taruwa a ƙarƙashin murfi, ya jiƙa mazaunin ƙwan. Ranar da na kai hannu zan kwance shi, ɗaya hannun a jiƙe, wuta ta ja ni har gwiwar hannu. Wutar gida bolt 230 ce, ba abin wasa ba ce a kusa da ruwa. Uwargida ta ce ko in cire wannan abu daga falo, ko ta soya kifin ta huta.

Na biyu, na ce tunda zafi ne matsalar, bari in koma LED. Na shiga kasuwa na yi wa mai shago bayani. Ya ce, "Malam, in haske kake so ga wannan, ko allura ta faɗi za ka gani." Ya miƙo min fitilar tsaro irin ta ƙofar gida, wat 30. Na ɗaura ta a saman akwatin. Zafin ruwa ya sauka, falon ya haskaka, na ce shi ke nan. Kuma saboda wuta ba ta da tabbas, sai na bar makunnin a kunne dare da rana, duk sa'ar da aka kawo ta kama. Wani lokaci ta yi awa goma sha huɗu, wani lokaci ta kama da ƙarfe uku na dare, kifin su firgita su yi ta karo da gilashi.

Sati biyu gansakuka ta fara a gilashi. Na goge, ta dawo. A sati na uku ruwan kansa ya koma kore shar kamar miyar kuka, sai kifi ya zo dab da gilashi kake ganinsa. Na canja ruwa, kwana biyu ya koma yadda yake. Na ɗora laifin a kan ruwan bohol, na ɗora a kan abinci. A cikin wannan hali Kawu ya zo asibiti ganin likita ya sauka wurina. Ya daɗe a tsugune gaban akwatin, sannan ya ɗago ya ce, "Kai yaro, wanga kihi naka, yaushe shika kwana?"

Na ce, "Kawu, kifi yana barci ne?"

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda boko ya ɓata. Ya ce kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, duhu ne bargonsa. Ya nuna ƙurungun da ya maƙale a bayan injin iska ya ce wannan tun fil azal ɗan dare ne, da rana a ƙarƙashin saiwa da kogon itace yake wuni, ni kuma na hana shi daren gaba ɗaya. Game da koren ruwa ya tambaye ni, a fadama ina ruwa ya fi yin kore, tabkin da ke fili rana na dukansa, ko wanda ke ƙarƙashin inuwa? Ban amsa ba.

Maganin koren ruwan bai ci min ko sisi ba. Na zubar da rabin ruwan na zuba sabo, na kashe fitila, na lulluɓe akwatin da zane mai kauri kwana uku cur, injin iska na aiki, abinci ɗan kaɗan. Da na yaye, ruwan ya washe.

Na ukun ba sai na ja zance ba. Zaren fitila ne mai canja launi da rimot, 'yata ce ta gani a shago ta nace. Akwatin ya koma kamar zauren biki, shuɗi, ja, shunayya. Kifin ba sa fita da kalarsu, hasken ba shi da ƙarfi, tsiro ɗaya ya yi rawaya ya narke, kuma da yake zaren tsirara yake ba rufi, wata guda tsatsa ta cinye rabinsa. Yanzu ragowar tana jikin gadonta.

Sai a nan na zauna na koyi karanta kwalin fitila, abin da ya kamata in fara da shi. Lambobi uku ne suka shafe ni. Wat ba haske ba ne, yawan wutar da fitila ke sha ne. Hasken kansa da lumen ake auna shi, ita ce lamba ta farko. Tsohon ƙwan nan mai wat 60 yana ba da lumen 700 zuwa 800, LED mai wat 9 ma kusan haka take bayarwa, ba tare da murhu ba. Masu noman tsirran ruwa suna da ƙiyasin da suke bi: tsirrai marasa wahala, lumen 10 zuwa 20 ga kowace lita, matsakaita, 20 zuwa 40, abin da ya haura 40 sai wanda zai riƙa ba tsirransa taki da iskar kabon, in ba haka ba gansakuka ce za ta ci ribar. Na buga lissafi, lita 54 tana neman tsakanin lumen 540 da 1,080. Fitilar tsaron da na ɗora, in dai abin da ke kwalinta gaskiya ne, ta wuce 2,400. Gonar gansakuka na buɗe ban sani ba.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin K a ƙarshe, launin hasken ke nan. 2700K ko 3000K shi ne mai ja-ja kamar na aci-bal-bal. 6500K fari ne tas kamar hantsi, shi ne ya dace da kifin ruwan daɗi da tsirransu, kuma shi ya fi yawa a kasuwarmu, ba sai an yi odarsa daga ko'ina ba. Masu 10000K zuwa sama, masu shuɗi-shuɗi, na masu kiwon kifin teku da murjani ne. Ba ruwan ɗan Kebbi da su.

Ta uku ita ce IP, wato yadda fitila ke jure ruwa. IP65 tana jure feshi da tururi. IP67 ko ta faɗa ruwa na ɗan lokaci ba komai. Wadda ba a rubuta mata komai ba, kar ta kusanci akwatin kifi. Amma fa rubutun kwali ba wahayi ba ne. Akwai fitilun da za a rubuta musu wat 15 alhali ba su kai rabi ba. Ni yanzu sai an kunna min a shago, in ɗora kyamarar waya a kai. Idan na ga layuka suna gudu a hoton, hasken yana kyafta ido ke nan, sai in ajiye. In kuma bar ta a kunne muna hira, in taɓa bayanta in ji zafinta.

Fitila ta huɗun, wadda ke kai har yau, sandar LED ce mai bolt 12, wat 10, 6500K, a rufe cikin bututun roba, lumen ɗinta wajen 900. Bolt 12 ba ta jan mutum, wannan ne ya kwantar da hankalin uwargida. Mai gyaran wutarmu ya jona ta da batirin solar gidan, ya sa mata ɗan abin daidaita ƙarfi, don ya ce batiri idan yana caji yakan haura bolt 14, hakan kuma yana gajarta ran fitilar. Ya koya min wata dabara da ban taɓa lura da ita ba: duk wayar da ta fito daga akwatin, a bar ta ta sauko ƙasa da soket ta yi lanƙwasa kafin ta hau, yadda ɗigon ruwa zai zuba ƙasa maimakon ya bi waya ya shiga soket. Na ɗaga sandar kamar faɗin tafin hannu daga ruwa, na jefar da murfin katako na sa raga.

Saura lokaci. Awa shida zuwa takwas a rana sun isa, kuma a lokaci guda kullum. Na sayi soket mai agogo, irin mai juyawa. Ban yi la'akari da cewa idan aka ɗauke wuta agogon ma tsayawa yake ba. Cikin sati ɗaya ya rikice, azahar ɗinsa ta koma tsakar dare. Mai lambobi da ɗan batiri a ciki ba ya wannan, amma kafin in samo shi na riga na sami agogon da ba ya tsayawa: idan na dawo daga sallar azahar in kunna, idan na dawo daga isha'i in kashe. Ranar da ba na gida 'yata ce mai wannan aiki, kuma ta fi ni kiyayewa. Awa bakwai na wat 10 kusan abin da fankar silin ke sha ne a awa ɗaya, batirin ko a jikinsa.

A bazara nakan jinkirta kunnawa zuwa la'asar, in juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. Yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa, haka wannan ma, yana sauke digiri biyu ko uku, sai dai ruwan yana saurin raguwa, kullum sai an ƙara. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Takan kwanta a jikin bututun har hasken ya dushe, mutum ya zaci fitilar ce ta tsufa, alhali tsumma kawai take nema. Na kuma janye akwatin daga bakin taga, domin ranar yamma da ke shigowa ta awa ɗaya ta fi duk fitilun nan huɗu ƙarfi.

Tsiron da ya tsira daga duk wannan wahala sunansa anubiyas, mai ganye kauri, kore mai duhu. Daga baya na gano asalinsa ma daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, a bakin rafuka cikin inuwa yake fitowa, shi ya sa ƙaramin haske ke isarsa. Na ƙara da kainuwa daga fadama, dashen Allah, tana yawo a sama tana yi wa na ƙasa inuwa, tana kuma tsotse ƙazantar da gansakuka ke ci. Sai dai ban zuba ta kai tsaye ba. Ta yi sati a bokiti ina wankewa ina tsince katantanwa, saboda wasu katantanwar ruwan fadama su ke ɗauke da tsargiya. Tana yaɗuwa da sauri, duk Juma'a sai na kwashe, ba na barin ta rufe fiye da sulusin ruwan.

Da Kawu ya dawo bayan salla, na sa ya zauna a falo bayan isha'i, na kashe sandar, muka bar ɗan hasken da ke shigowa daga tsakar gida. Gupi suka lafa a ƙasa kusa da ganye, ko motsi ba sa yi. Can sai ga ƙurungu ya fito daga cikin fasasshen tulun da na sa masa, ya haura sama, ya juya cikinsa yana bin saiwar kainuwa yana tsince-tsince. Ya yi ƙiba, ya kusa fin ƙarfin akwatin. Kawu ya bi shi da ido har ya kai ƙarshen gilashi ya juyo, sannan ya ce, "In ya ƙara taƙi guda ka aiko min da shi. Innarka na da yaji."