Yadda na koyi tace girke-girken intanet

Tambayar da ta fi gajiyar da mai girkin gida ita ce "yau me za a ɗora?" Hannu ya saba da 'yan abinci kaɗan, ana ta juya su mako bayan mako, har a kai ga mutanen gida suna ci don dole. Wannan gajiyar ce ta kai ni intanet neman sababbin dabaru, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin buƙatata nesa ba kusa ba. Da an rubuta sunan abinci ɗaya sai shafuka su zubo ba iyaka, kowanne da hoto mai tsinka yawu, kowanne yana rantsuwa nasa ya fi na kowa. Samun girki ba ya wahala. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gane wanda mai shi ya tsaya a gaban wuta ya dafa da hannunsa, da wanda aka kwafo aka yi wa kwalliya.

Idan na ci karo da sabon shafi ko sabuwar tasha, ba na farawa da abincin da ya ja hankalina. Sai in nemi wani abu da hannuna ya riga ya faɗa a kai, in ga yadda suka bayyana shi. Albasa ce babban ma'aunina. Shafuka da yawa za su ce a soya albasa minti biyar ko goma har ta yi ja sosai ta yi zaƙi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan kasko ya san ba haka abin yake ba. A minti goman farko ruwanta kawai take saki, ta yi laushi, ta yi garai-garai. Sai ruwan ya ƙafe sannan gefenta ya fara sauya launi, ƙamshin ya juya daga yaji zuwa zaƙi, ƙasan kaskon ya riƙa kamawa har sai an yayyafa ruwa an kankare. Kafin ta kai inda ake so a kan wuta kaɗan, an ci minti 40 ko fiye, kuma tulin da ya cika kasko ya koma ɗan tsurut. Wanda ya rubuta minti biyar, ko dai bai taɓa yi ba, ko yana tsoron gaskiya ta kori mai karatu. Ko wanne ne, ba zan damƙa masa kazata da fulawata ba.

Daga nan sai in duba ko marubucin yana faɗin alama ko minti kawai yake lissafawa. Wutar kowane murhu daban take, tukunya mai kauri ba ta ɗaukar zafi yadda marar kauri ke ɗauka. Wanda ya san aikinsa zai ba da lokaci, sannan ya ƙara da cewa har sai kwaɓin ya ninka girmansa, ko har sai an soka tsinke ya fito ba danshi, ko har sai mai ya taso saman miya. Ina kuma bin jerin kayan haɗin da ido, in tabbatar kowanne ya fito a cikin bayanin. Sau da yawa akan ga ƙwai biyu a jeri, a karanta bayani har ƙarshe ba a ce ga inda za su shiga ba. Wannan kaɗai ya isa in rufe shafin.

Maganar awo ita ce ta fi cin mutane ba su sani ba, musamman a burodi da kek. Kofin awo na Amurka kusan mililita 240 yake ɗauka, na Ostireliya 250. Babban cokali a yawancin ƙasashe mililita 15 ne, amma a Ostireliya 20 ne, wanda ba ƙaramin bambanci ba ne idan gishiri ko yis ake aunawa. Ko da kofi ɗaya ake amfani, fulawa ba ta tsayawa a nauyi ɗaya. Ranar da na samu ƙaramin sikelin kicin na gwada da kaina. Na zuba fulawa da cokali a hankali har kofin ya cika, na share samansa da bayan wuƙa, sikeli ya nuna wajen giram 120. Na juye, na nutsa kofin kai tsaye cikin fulawar na ɗebo, sai ga shi ya kusa 150. A girkin da ke neman kofi uku, wannan ƙarin ya kai kusan giram 90, ya isa ya mai da kek mai laushi ya zama busasshe mai shaƙe wuya. Tun daga ranar, shafin da ke rubuta awo da giram shi nake ba wa gaba.

Gishiri ma haka. Marubutan Amurka da yawa suna girki da wani gishiri mai manyan ɓarɓashi marar nauyi, wanda cokalinsa bai wuce kusan rabin nauyin cokalin gishiri mai laushi ba. Idan ba su faɗi irin da suka yi amfani da shi ba, mai bin su zai iya ninka gishirin abincinsa yana ganin daidai ya bi. Zafin obin kuwa, shafukan Amurka da Faranhait suke rubutawa: digiri 350 nasu shi ne kusan 180 a Salsiyos, 400 kuma kusan 200. Idan obin ɗin mai fanka ne a ciki, ana rage wajen digiri 20, don iskar da ke zagayawa tana hanzarta gashi.

Wata rana yayata ta kira ni ranta a ɓace, kek ɗin da ta yi ya yi duhu, yana ɗaci-ɗaci da ɗanɗanon sabulu. Na ce, "Yaya, soda kika zuba ko fauda?" Ta ce, "Ke dai bari, shafin a sama ya rubuta ɗaya, a ƙasa ya rubuta ɗaya, sai na ɗauki wanda ke kusa." Bekin soda ya fi bekin fauda ƙarfi kusan ninki uku, kuma sai ya haɗu da abu mai tsami kamar yogot ko ruwan lemun tsami sannan yake aiki yadda ya kamata. Bekin fauda kuwa da tsaminsa yake zuwa a ciki. Shafin da bai damu ya bambance su ba ya jawo mata asarar ƙwai da bota da rabin yini, kuma abin ya ba ni haushi ƙwarai, domin irin wannan ne ke sa mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da hannun girki alhali laifin na marubuci ne.

A hankali wuraren da nake zuwa suka ragu. Serious Eats, wanda Ed Levine ya kafa a 2006, shi na fi koyon dalili a wurinsa. A saman girkinsu sukan sa 'yan layuka da ke bayyana abin da ya sa aka zaɓi wannan hanyar, kuma a cikin bayanin sukan nuna abin da ya faru da aka gwada wata. Karatunsa yana da tsawo, amma wanda ya fahimci dalilin da ya sa ake tsane nama kafin a sa shi a kasko mai zafi, ya samu abin da zai yi masa aiki a girki ɗari. Don burodi da kek ina komawa King Arthur Baking, kamfanin fulawa na Amurka da ya faro tun 1790, saboda suna rubuta giram kuma suna da jadawalin nauyin kayan haɗi. Good Food na Ingila, wanda aka daɗe da sani da BBC Good Food, shi ne na ranakun gaggawa: bayaninsa gajere ne, awonsa da giram, kuma yakan ba da zafin obin mai fanka da marar fanka a layi ɗaya. NYT Cooking da jaridar New York Times ta buɗe a 2014 yana da kyau, sai dai da kuɗin rajista ake shiga.

Allrecipes da Cookpad, na farko daga Amurka na biyu daga Japan, dukansu sun faro a 1997, kuma masu girkin gida ne ke tura musu girki. A nan akwai gwal akwai tsakuwa, kuma darajarsu tana cikin bayanan waɗanda suka gwada. Yawan taurarin da masu karatu ke ba girki a matsayin maki ba ya gaya mini komai. Wani zai ba da biyar ya rubuta cewa abin ya yi kyau a ido, zai gwada wata rana. Wani zai ba da ɗaya bayan ya canza rabin kayan haɗin. Waɗanda nake nema su ne masu cewa sun bi yadda aka rubuta, ga abin da ya fito. Idan mutane da dama da ba su san juna ba suka ce sukarin ya yi yawa ko ruwan ya yi kaɗan, na yarda da su fiye da marubucin, in gyara tun kafin in kunna wuta.

Bidiyo yana da abin da rubutu ba zai iya ba. Babu adadin kalmomin da za su nuna yadda kwaɓin burodi ke komawa idan ya murzu, yadda yake sakin hannu, yake miƙewa ba tare da ya tsinke ba. A YouTube ana ganin wannan, har a ji ƙarar mai lokacin da ya yi zafin da ya dace. Na fi son masu barin kyamara tana tafiya, waɗanda ke yanka abin da suka gasa a nuna cikinsa. Gajerun bidiyon nan da ake ɗauka daga sama, hannaye kawai ake gani, waɗanda tashar girki ta Tasty ta yaɗa a Facebook tun 2015 kuma suka cika Instagram da TikTok, don sha'awa nake kallonsu. An yanke jira, an yanke gyara, aikin awa biyu ya koma daƙiƙa 30. Suna ba ni tunanin abin da zan dafa, amma idan wani ya burge ni sai in tafi neman cikakken bayaninsa a wurin da na amince da shi. Pinterest, dandalin tara hotuna, ma haka na ɗauke shi, wurin buɗe ido.

Dogon labarin da wasu ke jerowa kafin a kai ga girki, wanda ke ƙular da mutane, na daina ganin laifinsa gaba ɗaya. Talla ce ke biyan masu shafin, tsawon rubutu kuma yana ba ta wurin zama. Amma a cikin labarin wasu ne ake samun abin da za a musanya idan babu wani kayan haɗi, da hoton kowane mataki. Nakan leƙa. Idan bayanin aiki ne in karanta, idan ciko ne in tsallake.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne girke-girken da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa, da hotunan abincin da ba a taɓa dafawa ba. A watan Mayun 2024 an yi ta yaɗa yadda amsar da na'urar Google ke bayarwa a saman bincike ta ba da shawarar a zuba gam a miyar fiza don cuku ya manne, abin da ta ɗebo daga wata tsohuwar raha da wani ya rubuta a dandalin hira na Reddit. Wannan kowa zai gane shirme ne. Wanda ke da haɗari shi ne mai kama da gaskiya. Shafin da ba shi da sunan marubuci, yake fitar da girki barkatai a rana ɗaya, hotunansa sumul ba ɗigon mai a gefen faranti, ba na tsayawa a kansa.

A kan lafiya kuwa ba na dogara da kowane mai girki, komai ƙwarewarsa. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce cikin naman kaza ya kai digiri 74 a Salsiyos kafin a ci. Jan waken nan mai siffar ƙoda yana da guba idan bai dahu ba, sai an jiƙa shi an tafasa shi sosai aƙalla minti 10, kuma tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali ba lallai zafinta ya kashe gubar ba. Dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe a waje tana iya tara ƙwayar cutar da ɗumame ba ya kawar da dafinta, don haka a hanzarta sanyaya ta a sa a firij. Girkin da ya saɓa wa irin waɗannan, ko taurarinsa sun kai nawa, na bar shi.

Yadda nake neman ma ya sauya. Na rage rubuta sunan abinci, na koma rubuta abin da ke gabana: rabin kabeji, ƙwai, ragowar kaza. Ko in nemi hanya guda, kamar gasa kayan lambu a obin ko dafa nama a ɗan ruwa a rufe, in zauna a kanta har ta zauna mini, sai ta haifar da abinci iri-iri ba tare da na sake buɗe waya ba. Kafin in taɓa wuƙa nakan karanta girkin daga farko har ƙarshe, saboda a layi na shida ne wani lokaci ake ɓoye cewa kwaɓin zai kwana a firij. Karon farko ina bin sa yadda yake, gyara sai a karo na gaba, don in san ko daɗin nasa ne ko nawa.

Shafuka suna ɓacewa, wasu a sauya musu awo, wasu a wayi gari an sa musu kuɗi. Duk girkin da ya karɓu a gidana, ranar nake kwafe shi da hannu a littafi, da giram ɗinsa, da zafin da ya dace da obin ɗina, da gishirin da na rage, da sunan inda na samo shi don in san wurin wa zan koma idan ina neman wani.