Gaɓar Amalfi a Satumba: Bi ta Ruwa, Amma Ka Riƙe Tikitin Bas

Idan kana da niyyar zuwa gaɓar tekun Amalfi da ke kudancin Italiya, ka nufi tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba. Cunkoson Agusta ya lafa, zafi ya sauka, ruwan teku kuwa bai huce ba tukuna, yana nan wajen digiri 24, ana iyo lafiya lau.

Hanya ce matsalar wurin. Titi ɗaya ne tal, SS163, mai kimanin kilomita 50, an sassaƙa shi a jikin dutse, ga ƙunci ga kwana-kwana. Kada ka ɗauki hayar mota, neman wurin ajiye ta kaɗai zai cinye maka yini. Jirgin ruwa ya fi: daga birnin Salerno zuwa garin Amalfi wajen minti 35 ne, kuma daga kan ruwa ne ake ganin ainihin kyawun garin Positano, gidaje bisa gidaje har ƙwanƙolin tudu.

Sai dai a nan baƙi ke tafka kuskure. A wannan lokaci iska kan taso ba zato, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, madakatar Positano kuma a buɗe take, ba abin da ya kare ta daga teku. Da safe sai a soke jiragen ranar, jama'a duk su yi ca a kan bas ɗin kamfanin SITA, ya wuce ka a cike. Ba a sayen tikiti a hannun direba, sai a shaguna masu alamar harafin T, don haka ka tanadi biyu tun da dare. Ranar da za ka kama jirgin sama kuwa, kada ka dogara da ruwa ko kaɗan. In daga garin Sorrento ka taso a bas, zauna a gefen dama, can teku yake.

Mai son tafiyar ƙafa ya bi hanyar kan tsauni mai suna Sentiero degli Dei daga ƙauyen Bomerano zuwa ƙauyen Nocelle, ba akasin haka ba, don ta nan gangare ya fi yawa. Awa uku ta isa. A tashi kafin tara na safe da lita ɗaya da rabi ta ruwa da takalmi mai kama ƙasa. In an kwana ana ruwan sama a fasa, dutsen santsi yake. Daga Nocelle zuwa Positano matakala ce fiye da 1,500. Mai ciwon gwiwa ya jira ƙaramin bas.